Daga Tudun Jos zuwa Bakin Teku: Tambayoyi da Amsoshi kan Shirin Gasar Iyo, Keke da Gudu a Ƙasar Waje

Tun da aka ga hotona da lamba rataye a wuya, tambaya ba ta yanke ba. Wasu a ofis, wasu a teburin mai shayi, wasu kuma sai mun haɗu da sassafe a filin wasa na Rwang Pam su ja ni gefe. Ni ba ɗan wasan da ake biya ba ne. Ma'aikaci ne mai iyali, na ba arba'in baya, kuma da kuɗin aljihuna na je na wahalar da kaina na dawo. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Wai wace irin gasa ce wannan?

Sunanta tirayatlon. Wasa uku ne a jere ba hutu: ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka kama gudu. Agogo ba ya tsayawa ko lokacin da kake canja takalmi. An fara ta a yadda aka santa yanzu a San Diyego ta Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000. Wadda ta fi suna, Ironman, an fara ta a Hawayi a 1978 da mutum 15 kacal.

Tsawonta hawa-hawa ne. Ƙaramar ita ce iyon mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Ta Olamfik ninki biyu ce: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10. Sai rabin Ironman, wadda ake kira 70.3 saboda jimillarta mil 70.3 ce, wato kilomita 113: iyon mita 1,900, keke kilomita 90, gudu kilomita 21.1. Cikakkiyar kuwa iyon kilomita 3.8 ne, keke 180, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42.2 a kai.

Da wacce zan fara?

Da ƙaramar, in da hali. Matsalar ita ce mutum ba zai sayi tikitin jirgi da dala ya je gasar da za ta ƙare cikin awa ɗaya da rabi ba, shi ya sa yawancinmu muke tsallakawa kai tsaye zuwa 70.3. Ba laifi, amma sai ka shirya wa kanka ƙananan a gida tukuna: ka auna nisa, ka sa wani ya riƙe agogo, ka yi ukun a jere ranar Asabar. Wanda kuma ya ce da cikakkiyar Ironman zai buɗe, ina yi masa addu'a, amma ba na ba shi goyon baya.

Na iya ruwa tun ina yaro, a rafi na tashi. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba, kuma a nan ne nake so mu daɗe. Jos za ta ba ka ƙafa, ta ba ka huhu, amma ba ta da teku da za ta ba ka. Duk wanda na sani daga garin nan da ya sha wuya a waje, a ruwa ya sha ta.

Iyon da muka koya a rafi na fidda kai ne: kai a sama, hannu na dukan ruwa, ƙafa na lilo a ƙasa. Zai tsallakar da kai mita 30. Ba zai kai ka mita 1,900 ba. Iyon gasa yana so fuska ta kasance cikin ruwa, kana fitar da numfashi ta hanci a ƙasa, ka juya kai gefe ka shaƙa, jiki a miƙe kamar katako. Da zarar ka ɗaga kai, ƙugu ya nutse, sai ka zama kana jan kanka kamar buhun masara. Wannan ba ƙarfi ne ke gyara shi ba. Malami ne, wanda zai tsaya a bakin tafki yana kallonka yana cewa sake. Na yi wata uku ina jin kunya a gaban yara 'yan firamare da suke wuce ni suna dariya, kuma kuɗin da na biya malamin nan ya fi duk wani kuɗi da na kashe amfani.

Ka riƙe lissafin nan. A yawancin gasannin 70.3 ana ba da awa 1 da minti 10 ga iyo. Wanda bai fito ba, an cire shi, ko da keken miliyoyi ne ke jiransa. Wato kowace mita 100 kada ta wuce minti 3 da daƙiƙa 40. A tafki mai tsawon mita 25, tsallake shi sau 76 ke nan. Shawarata, kada ka biya kuɗin rajista sai ka iya yin wannan 76 ɗin ba tsayawa cikin minti 50 ko ƙasa, domin teku za ta ci nata rabon.

Zan gaya maka yadda ta ci nawa. Ranar gasata ta farko, a gaɓar tekun Indiya, na shiga da ƙarfin gwiwa. Ban yi mita 200 ba igiyar ruwa ta mare ni a daidai lokacin da na buɗe baki. Gishiri ya cika mini maƙogwaro, wani ya shure mini tabarau, na duba ƙasa ban ga layin nan baƙi da na saba bi a tafki ba, sai duhu kore. Ƙirjina ya kulle. Na juya rigingine ina kallon sama ina ta salati, har wata yarinya a kan ƙaramin kwalekwale ta matso ta tambaye ni ko in fita. Doka ta yarda ka riƙe kwalekwalen ka huta muddin bai ja ka gaba ba. Na riƙe kamar minti biyu, numfashi ya dawo, na ci gaba. Da na san haka tun a gida, da na koyi shaƙar iska ta dama da ta hagu, da kuma ɗaga ido kaɗan bayan kowane jan hannu shida ko takwas don duba alamar da ke yawo a ruwa. Wanda bai iya wannan duban ba, sai ya yi mita 2,200 a maimakon 1,900, yana ta karkacewa kamar akuyar da ta ɓace.

To a ina zan yi atisayen iyo a Jos? Ga kududdufan kuza ko'ina.

Kada ka kuskura ka shiga kududdufin kuza kai kaɗai. Ramukan haƙar ma'adinai ne da Turawa suka bari, ba tafkunan Allah ba: bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a sani ba, ƙasansu laka ce, kuma ruwan ƙasan ya fi na sama sanyi nesa ba kusa ba. Duk ɗan Bukur ko Barkin Ladi ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda su. Ga kuma tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance mai ɗauke da ƙananan dodon koɗi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ruwa ya ga jini a fitsari, asibiti zai nufa, akwai maganinta.

Abin da ya rage shi ne tafkunan otal da na kulob. Mafi yawansu gajeru ne, sai ka yi ta juyawa har kai ya yi jiri, amma haka za a yi haƙuri. Ka je da sassafe kafin masu wanka da ɗaukar hoto su cika wurin, ka yi ciniki na wata maimakon biyan kullum. Sau uku a mako shi ne mafi ƙaranci. In ka samu zuwa Abuja, ka nemi tafki mai mita 50 ka gwada kanka, domin a gajeren tafki bango na taimakonka fiye da yadda kake zato. In kuwa dole sai ka ɗanɗana buɗaɗɗen ruwa kafin tafiya, to ya zama wurin da hukuma ta yarda, da kwalekwale a gefenka, da wanda ya iya ceto a ciki.

Wannan baƙar rigar roba da suke sawa fa, dole ce?

Ya danganta da sanyin ruwan. A dokar Ironman, masu gasar sha'awa irinmu suna iya sa ta in ruwan bai wuce digiri 24.5 ba, kuma da safiyar gasar ake aunawa a sanar. Tana hana sanyi, tana kuma ɗaga jiki sama, abin da ke yi wa mai raunin iyo rana ƙwarai. Amma tana matse ƙirji da kafaɗa, wanda bai saba ba sai ya ji kamar an shaƙe shi. A nan sanyin Jos ya yi mana amfani: a watan Disamba da Janairu ruwan tafki kan yi sanyin da ba mai shigarsa, to lokacin ne za ka sa rigar ka saba da ita. Ka shafa man kaɗanya a wuya, in ba haka ba za ta goge maka fata.

An ce wanda ya yi atisaye a Jos ya fi na ƙasa numfashi. Gaskiya ne?

Da ƙamshin gaskiya, amma ana zuzutawa. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma ba banza ba 'yan gudun Filato, musamman na wajen Pankshin, suke yawan zama kan gaba cikin 'yan Najeriya a gudun fanfalaki. Sai dai garin Iten na Kenya, inda zakarun duniya ke zama, yana wajen mita 2,400 ne, ninkin namu. Za ka ji sauƙi kaɗan in ka sauka bakin teku, ba wai za ka tashi sama ba.

Abin da tudun ya ba ka da dama, yana karɓewa da hagu. Mun saba da iska mai sanyi marar gumi. Gasa kuwa yawanci a bakin ruwa ake yi, kuma gudun yana faɗowa ne da tsakar rana. Jiki na buƙatar kamar kwana 10 zuwa 14 yana aiki cikin zafi kafin ya saba. Saboda haka a makonnin ƙarshe ka mayar da wasu gudunka zuwa ƙarfe 12 ko 1 na rana, ko ka sauka Akwanga ko Lafiya a ƙarshen mako ka sha zafin can da gangan.

Sai na sayi keken nan mai kama da jirgi?

A'a. Keken tsere na hannu, mai lanƙwasasshen kai da giya mai aiki, ya wadatar. Abin da ya fi tsada muhimmanci shi ne ya yi daidai da tsawonka. Sirdi in ya yi ƙasa gwiwa za ta yi ciwo, in ya yi sama baya da ƙugu su ɗauka. Hular kwano dole ce, kuma ita kam sabuwa za ka saya, ba gwanjo ba, don ba ka san faɗuwa nawa ta sha ba. Wandon keke mai soso da rigunan gudu kuwa, in ka yi haƙurin tona dila a kasuwar Katako za ka samu.

Ka koyi canja tub da hannunka. A gasa ba mai faci a gindin bishiya, kuma in ɗan'uwanka ya miƙo maka ko da famfo ne daga gefen hanya, ana iya korarka. Ka zauna a tsakar gida ka cire tayar baya ka mayar, sau goma, har ka iya cikin minti biyar.

Wace hanya ake bi da keke a nan?

Cikin gari sai da asuba, kafin 'yan Keke Napep su fito. Doguwar tafiya kuwa, daga Mararrabar Jama'a ka miƙa ta Heipang zuwa wajen Mangu, ko ka yi ta Vom. Hawa da gangara ba sai ka nema ba, su za su same ka. Hawan Kibo yana da daɗin labari, amma tireloli da birkinsu ke tsinkewa a wurin sun sa ba na kai kowa. Kada ka fita bayan gari kai kaɗai ko cikin duhu, ku zama uku ko fiye, ku tambayi halin da hanya ke ciki kafin ku kama ta, in da hali mota ta biyo ku a baya. Da damina ruwan Jos ba ya sallama, sai ka tanadi abin da ake ɗora keke a kai a tuƙa a ɗaki.

Awa nawa a mako, kuma wata nawa?

Ga wanda ya riga ya iya iyo kuma yana ɗan gudu, wata biyar zuwa shida, awa 8 zuwa 12 a mako. Ga wanda zai fara koyon iyo, shekara. Mafi yawan atisayen a yi shi a hankali, yadda za ka iya hira kana yi. Mai tsanani sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Kuskuren 'yan ƙwallo irinmu shi ne kowace fita sai mun mayar da ita gasa, sai agara ta kumbura a wata na biyu.

Akwai atisaye ɗaya da ba a tsallakewa: ka sauka daga keke ka kama gudu nan take, ko na minti 15 ne. Karon farko ƙafafunka za su zama kamar na aro. Kowane mako na huɗu ka rage nauyi, haka ma makonni biyu na ƙarshe. Sannan ka zauna da uwargida tun farko ku yi magana, domin safiyar Asabar ɗinka ta wata shida za ta tafi, kuma cefane da kai yara Islamiyya ba za su jira ka ba.

In azumi ya faɗo a tsakiyar shiri fa?

Ka duba kalanda kafin ka zaɓi gasa, tunda Ramadan na matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. Cikin azumi riƙe abin da ka tara ake yi, ba ƙari ba: ɗan gudu marar nauyi dab da shan ruwa, mai nauyin kuma bayan asham. Iyo da rana na bar shi, don ruwa na shiga maƙogwaro. Ni ba zan zaɓi gasar da ba ta kai mako shida bayan ƙaramar Sallah ba.

Me ake ci?

A gida, abin da ka saba: gwaten acha, dankalin Turawa, shinkafa, wake, ƙwai, kunun gyaɗa, fura da nono bayan doguwar fita. A kan keke kuwa jiki na son kamar giram 60 na sitaci ko sukari kowace awa, da ruwa da ɗan gishiri. Dabino da ayaba suna yi mini aiki kamar waɗancan 'yan ledojin zaƙi masu tsada. Amma ka bincika abin da za a raba a gasar, ka gwada irinsa tun a gida, domin cikin da bai saba ba yakan yi bore a kilomita na 10 na gudu. Kuma kada ka yi ta ɗura ruwa zalla fiye da ƙishinka. Yana tsinka gishirin jini, har ya kai mutum asibiti.

Zan iya shan maganin ciwon jiki kafin a fara?

Kar ka sha. Tiramadol ya shiga jerin abubuwan da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024, kuma dokar ta hau kan ɗan sha'awa kamar yadda ta hau kan ƙwararre. Magunguna irin su ibuprofen kuma suna wahalar da ƙoda in jiki ya bushe. Ka ga likita tun kafin ka fara shiri, a auna hawan jini da zuciya, balle in ka haura 40. Wasu ƙasashe, irin su Italiya, sai da takardar likita ma suke barin mutum ya shiga. In zazzaɓin cizon sauro ya kama ka, ka ajiye atisaye har ka warke sarai.

Wace ƙasa ta fi sauƙi, kuma yaya batun biza?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara duba biza kafin ka biya rajista, domin kuɗin rajistar 70.3 ɗaruruwan daloli ne kuma ba a cika mayar da shi duka ba. Afirka ta Kudu ce ta fi daɗewa a harkar a nahiyarmu, da cikakkiyar Ironman a Gqeberha, wadda aka sani da Port Elizabeth a da, da kuma 70.3 a Durban. An yi a Maroko da Masar, an kuma yi a Rubavu ta Ruwanda a bakin tafkin Kivu a 2022, ƙasar da ɗan Afirka ke shiga ba tare da neman biza daga gida ba. Ka tabbatar gasar na nan a shekarar da kake so, don wasu kan tsaya.

In Turai ce, bizar Shengen ana iya nemanta tun wata 6 kafin tafiya, kuma tana son inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ka haɗa takardar shaidar rajista, ta wurin aiki, ta banki da ta masauki. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6. Katin rigakafin shawara, wato yalon kati, sai ya kwana 10 da yin allurar kafin ya fara aiki, kuma Afirka ta Kudu na tambayarsa ga wanda ya fito daga Najeriya. Duk wannan yana nufin zirga-zirgar Abuja, ka sa ta a lissafin kuɗi da na hutun ofis.

Yaya ake kai keke a jirgi?

A akwatinsa na musamman, ko kwalin keke mai kauri da aka cusa wa soso. Ana cire feda da tayoyi, a juya kan, a kwance abin canja giya na baya a naɗe shi. Ka sa alama da salatif a sandar sirdi don ka mayar da shi daidai inda yake. Ka kira kamfanin jirgin tun kafin sayen tikiti ka ji ƙa'idarsu, ka kuma nemi amsar a rubuce. Hular kwano, takalma, tabarau da kayan gasar su zauna a jakar hannu. Nawa keken sai da ya kwana biyu a filin jirgin da muka yada zango kafin ya iso, shi ya sa nake cewa a isa da kwana huɗu a hannu.

Waɗanne dokoki ne suke kama baƙo?

Ka ɗaure igiyar hular kwano kafin ka taɓa keke, kada ka kwance sai ka rataye shi. Ba a hawa sai an wuce layin da aka ja. Ba a sa abin jin kiɗa a kunne. Ba a yar da shara sai a wurin da aka keɓe. Ba a laɓewa a bayan wani don ya tare maka iska: a Ironman tazarar mita 12 ce, in ka shiga cikinta kana da daƙiƙa 25 ka wuce. A Afirka ta Kudu kuma ta hagu ake tuƙi, mu da muka koma dama tun 1972 sai hannu ya riƙa ja mu can. Ka halarci taron bayanin da ake yi kafin gasa, ko da kana ganin ka karanta komai.

Ni mace ce, kuma ba zan fita da kayan da suke sawa ba. Akwai hanya?

Akwai, Hajiya. Wata 'yar Iran mai suna Shirin Gerami ta yi gasar duniya a Landan a 2013, ta kuma kammala Ironman ta Kona da ke Hawayi a 2016, jikinta da kanta a rufe. Ki rubuta wa masu shirya gasar tun da wuri ki bayyana kayan da za ki sa, ki tambaya ko akwai tantin canja kaya, ki ajiye amsarsu a waya don alƙalin da zai tare ki. Yadin ya zama marar nauyi mai saurin bushewa, kuma ki gwada shi a ruwa da kan keke sau da yawa. Wahalar da ta fi wannan a nan gida take: samun lokacin da tafki zai zama na mata zalla. In kun kai biyar ko shida, ku je wa manajan tare ku yi cinikin awa ɗaya da safe.

Sallah fa, ranar gasar?

Yawanci ana farawa da hantsi bai yi ba, wajen ƙarfe 6 zuwa 7, saboda haka Asuba a masauki ko a gefen wurin ajiye kekuna. A 70.3 ana ba da awa 8 da rabi gaba ɗaya, ka ga ko na ƙarshe zai gama da sauran rana, kuma matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗa Azahar da La'asar. Ka tambayi malaminka yadda za ka yi kafin ka tashi. Ni na sa ƙaramar darduma da jallabiya a jakar da ake karɓa bayan an gama. Na yi alwala da ruwan gora a bayan tantin masu tausa, na tayar da sallah a kan ciyawa, da na kai ruku'u cinyoyina suka ƙi, sai a zaune na ƙarasa.